Yadda Iyaye Za Su Nema wa 'Ya'yansu Tallafin Karatun Jami'a a Amurka

Shekarar da babbar 'yata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare a nan Bronx, ta same ni bayan sallar isha'i da kwamfuta a hannu ta ce, "Baba, ana son takardun harajinka da abin da ke cikin asusunka na banki." Na ce mata sai gobe. Goben nan ta zama mako uku. Mu mun tashi a gidajen da yaro bai san abin da ubansa ke samu ba, kuma ba ya tambaya, don haka abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Kafin in saki jiki, wa'adin ɗaya daga cikin makarantun da take so ya wuce, an riga an raba kuɗin da makarantar ke bayarwa daga aljihunta. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake rubuta wannan ga iyayenmu da ke zaune a Amurka, ko daga Najeriya muka fito, ko Nijar, ko zangon Kumasi da Nima.

Fom ɗin tallafi sunan yaro yake ɗauke da shi, amma rabin aikin na iyaye ne. Yaro ba zai iya kammala shi ba sai da sa hannunku da yardarku da alƙalumanku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin komai, ku san farashin gaskiya

Kuɗin da jami'a ke rubutawa a shafinta ya tsorata iyaye da yawa har sun hana yaro nema. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke rubuta sama da dala 80,000 a shekara, amma ɗan talaka ba ya biyan wannan. Harvard ta sanar cewa daga zangon 2025–26 iyalin da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara ba za su biya komai ba, har abinci da wurin kwana. MIT ma ta yi makamancin haka. Shiga waɗannan makarantu yana da wuya, amma darasin ya shafi sauran: wani lokaci makarantar da ta fi tsada a takarda ita ke fi sauƙi a aljihu.

A ɗaya ɓangaren, ɗan jihar New York yana biyan dala 6,930 a shekara a kwalejojin CUNY (na gwamnati a birnin New York) masu shekara huɗu, dala 4,800 a masu shekara biyu, dala 7,070 kuma a SUNY (jami'o'in gwamnatin jihar), ban da kuɗin kwana da abinci da sauran ƙananan caji.

Doka ta tilasta wa duk makarantar da ke karɓar tallafin tarayya ta sa na'urar lissafi a shafinta, sunanta Net Price Calculator. Ku zauna da yaro tun lokacin hutun bazara, ku shigar da kuɗin shigarku a ta kowace makaranta da yake so. Minti goma sha biyar ya isa kowace ɗaya. Ƙiyasi ne kawai take bayarwa, amma za ku san inda kuka dosa kafin yaro ya ɗora ransa a kan wata makaranta.

Mataki na farko: takardun haraji

Babban fom ɗin shi ne FAFSA, na gwamnatin tarayya, ana cike shi a studentaid.gov, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ku biya shi kafin ya tura muku, ku rabu da shi. Ana buɗe shi ne zuwa 1 ga Oktoba na shekarar da yaro yake ajin ƙarshe. An samu jinkiri mai tsanani a 2023 lokacin da aka sake fasalin fom ɗin, har sai ƙarshen Disamba aka buɗe, amma daga baya majalisa ta yi dokar da ta tsayar da ranar.

Fom ɗin yana amfani da harajin shekara biyu baya. Yaron da zai shiga jami'a a kakar 2026, harajin 2024 za a duba. Wanda zai shiga a 2027, na 2025. Ku cire biyu daga shekarar shiga, kun samu.

A nan ne mutanenmu suka fi samun matsala, don haka bari in ɗan daɗe. Da yawanmu direbobi ne, na tasi ko Uber, ko masu kitso, ko masu shago, ko masu kula da tsofaffi a gida. Wanda ya kamata ya shigar da haraji a waccan shekarar bai shigar ba, sai ya je ya shigar tun kafin Oktoba, domin makaranta ba za ta saki kuɗi ba matuƙar ta gano hakan. Akwai shirin VITA da hukumar haraji ta IRS ke ɗaukar nauyi, inda ake taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta.

Matsala ta biyu ta fi wannan yawa. Miji da mata suna zaune gida ɗaya da aurensu, amma mai cike musu haraji ya rubuta kowannensu a matsayin shugaban gida mai zaman kansa don kuɗin da za a mayar musu ya ƙaru. Shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. Ranar da aka cike FAFSA aka rubuta cewa iyaye suna da aure, sai bayanan biyu su ci karo. Ofishin tallafi na makaranta dole ne ya tsayar da komai har a gyara harajin da fom 1040-X. Na ga yaron da aka shiga zangon karatu tallafinsa bai fito ba saboda wannan. Ku ciro takardarku ta 1040, ku duba saman shafin farko ku ga yadda aka rubuta ku. In akwai kuskure, a gyara shi yanzu.

Sauran abin da za ku ajiye kusa: katin Social Security naku da na yaro, girin kati idan yaron ba ɗan ƙasa ba ne, takardun W-2 ko 1099, da bayanin asusun banki.

Mataki na biyu: kowa ya buɗe asusunsa

Yaro zai buɗe asusu a studentaid.gov, uba ko uwa ma su buɗe nasu daban. Kowa da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ba a haɗa mutum biyu a kan imel ɗaya. Kada yaro ya yi amfani da imel ɗin sakandare, domin ana rufe shi bayan ya kammala. Kada kuma ku ce, "Kai dai buɗe mini, ka san kan abin." Ku zauna tare ya nuna muku, amma lambar sirrin ku riƙe ta a rubuce a wuri mai aminci, domin asusun nan shi ne sa hannunku a gaban doka, kuma shi za ku yi amfani da shi ga duk ƙannen da ke tafe.

A rubuta suna harafi da harafi yadda yake a katin Social Security. Muhammad da Mohammed da Mahamadou suna ɗaya ne a wurinmu, a wurin kwamfuta kuwa mutum uku ne. Haka Aishatu da Aïchatou. Ranar haihuwa ma a bi wadda ke cikin takardun gwamnati, kuma a tuna a nan wata ake fara rubutawa kafin rana.

Matsayin yaro ake dubawa wajen cancanta: ɗan ƙasa, mai girin kati, ɗan gudun hijira, ko wanda aka ba mafaka. Uba ko uwar da ba su da lambar Social Security za su iya buɗe asusu su cike ɓangarensu, kuma rashin lambar ba ya rage wa yaro ko sisi. Gidan da wani daga cikin iyaye bai da takardar zama, na san fargabar da ke ciki, kuma ba zan raina ta ba. Ku tattauna da lauyan shige da fice ko mai ba ɗalibai shawara a makarantar yaron kafin ku tura. Idan yaron ne kansa bai da takarda, tallafin tarayya ba zai same shi ba, amma New York tana da dokar DREAM ta 2019 da ta buɗe masa tallafin jiha, Kalifoniya ma tana da irin tata.

Mataki na uku: su wane ne iyaye a idon fom

Tambayar kamar ba ta da wuya, amma zaman gidajenmu bai cika dacewa da akwatunan da suka zana ba.

Iyayen da ke da aure kuma suka shigar da haraji tare, mutum ɗaya ya isa ya cike. Idan kowa ya shigar da nasa daban, dole su biyun su buɗe asusu. Iyayen yaro da ke zaune tare amma ba a yi rajistar aurensu a hukumance ba, su ma bayanan su biyun ake so. Idan aure ya mutu, wanda ya fi kashe wa yaron kuɗi a cikin wata 12 da suka wuce shi zai cike, ko da ba a gidansa yaron yake kwana ba. Idan kuma wannan ya sake aure, kuɗin mijin uwa ko matar uba yana shiga lissafi, ko da bai taɓa saya wa yaron fensir ba.

Idan uba yana nan, uwa tana Kano ko Yamai, kuma aure yana nan daram, nisa ba ya cire ta. Za a sa bayananta, abin da take samu a can a juya shi zuwa dala.

Sai batun riƙo. Kawu ko gwaggo ko kaka ko yaya da ya raini yaro tun yana goye, a wurinmu uba ne ko uwa, babu mai ja. Fom ɗin bai ɗauke su iyaye ba sai in sun ɗauki yaron ta hanyar kotu a matsayin ɗansu. Kada mariƙi ya sa alƙalumansa a gurbin iyaye. Idan kotu ce ta naɗa shi mai kula da yaron, galibi ana ɗaukar yaron a matsayin mai zaman kansa, wanda kan ƙara masa tallafi. Idan riƙon na zumunci ne kawai, iyayen asali ake nema, ko suna wace ƙasa. Inda babu hanyar samunsu, akwai tambaya a fom ɗin game da yanayi na musamman, sai ofishin tallafi na makaranta ya yanke hukunci bayan ya ga shaida.

Mataki na huɗu: cikewa

Yaro ne zai fara. Ya cike ɓangarensa, ya sa makarantun da yake nema, har 20 ake iya sawa, sannan ya gayyace ku ta imel. Ya sa duk wadda yake tunani, ko bai riga ya tura mata takardar neman gurbi ba. Makarantu ba sa ganin sunayen juna.

Da kun shiga ɓangarenku za a nemi yardarku a ɗauko bayanan haraji kai tsaye daga IRS. Ku yarda. Mutum ɗaya ya ƙi, yaro ya rasa tallafin tarayya gaba ɗaya. Ko wanda bai shigar da haraji a Amurka ba dole ya ba da wannan yardar. Ga wanda nauyin nuna wa yaro kuɗinsa ke damunsa kamar yadda ya dame ni, alƙaluman da aka ɗauko daga IRS ba sa bayyana a allo, yaron ba ya ganinsu.

Ku duba adadin mutanen gida da kyau. Fom ɗin yana ƙirgawa ne daga takardar harajin shekara biyu baya, don haka idan an yi haihuwa tun daga lokacin, ko Hajiya ta zo ta zauna tare da ku kuna ɗauke da fiye da rabin ɗawainiyarta, ku gyara adadin. Yana da tasiri sosai. A fom na 2026–27, iyali mai mutum huɗu da iyaye biyu masu samun dala 54,600 ko ƙasa galibi suna samun cikakken tallafin Pell, wato kyautar kuɗin karatu ta gwamnatin tarayya. Idan mutum shida ne, iyakar ta haura dala 73,000. Cikakken Pell a zangon 2025–26 dala 7,395 ne, kuma ba a mayar da shi.

Wasu iyalai fom ɗin zai tsallake musu tambayar dukiya, musamman masu karɓar SNAP ko Medicaid ko WIC, don haka ku amsa wannan tambayar da gaskiya ba tare da jin kunya ba. Waɗanda aka tambaya kuwa, ga yadda abin yake. Gidan da kuke zaune a ciki ba a sa shi. Kuɗin fansho irin na 401(k) da IRA ba a sa su. Mota da kayan ɗaki ba a sa su. Daga fom na 2026–27 an sake cire ƙaramar sana'ar iyali mai ma'aikata 100 ko ƙasa. Abin da ake sawa shi ne kuɗin da ke asusun banki a ranar da kuke cikewa, da hannun jari, da asusun ajiyar karatu na 529, da duk gida ko fili ban da wanda kuke zaune. Wannan ya haɗa da filin da ka saya a Kaduna da gidan hayar da kake ginawa a Tamale. A sa darajarsa a kasuwa yau, a cire bashin da ke kansa, a juya zuwa dala. Na san akwai masu cewa wa zai sani. Sa hannun da za ku yi yana ɗauke da gargaɗin tarar da ta kai dala 20,000 ko ɗauri, kuma ban ga amfanin gina karatun yaro a kan ƙarya ba. Balle ma lissafin bai da tsanani kamar yadda ake zato: abin da ake ɗauka daga dukiyar iyaye ba ya wuce kashi 5.64 cikin ɗari a shekara. Kuɗin da ke asusun yaro kuwa kashi 20 ake lissafawa, don haka ajiya da sunan yaro ta fi cin tallafi.

Tun da ranar cikewa ake dubawa, ku kula da lokaci. Kada ku cike ranar da kuka kwashi adashi, ko ranar da kuɗin jama'a na ƙungiya ko na masallaci yake zaune a asusunku. Ku biya haya da sauran buƙatun wata, ku miƙa wa masu amana amanarsu, sannan ku cike da abin da ya rage. Wannan halal ne, ba ɓoyo ba ne.

Kowa ya sa hannu, a tura. Cikin kwana ɗaya zuwa uku taƙaitaccen sakamako zai fito da wata lamba mai suna SAI. Ba ita ce kuɗin da za ku biya ba, ma'auni ce da makarantu ke amfani da ita. Tana iya sauka har zuwa -1500, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon yawan tallafi. Ku karanta sakamakon layi-layi. Ƙarin sifili ɗaya ya isa ya mai da dala 4,000 ta zama 40,000. In kun maƙale, lambar ofishin tallafin tarayya ita ce 1-800-433-3243.

Mataki na biyar: jiha da CSS Profile

FAFSA ba ita kaɗai ba ce. A New York, da kun gama za ku ga hanyar zuwa fom ɗin TAP, tallafin karatu na jihar, wanda ke kaiwa dala 5,665 a shekara, kuma tun 2024 iyakar kuɗin shiga ta koma dala 125,000. Akwai kuma tallafin Excelsior na jihar ga ɗaliban SUNY da CUNY, da fom ɗinta daban, da sharaɗin cewa yaro zai zauna a jihar bayan kammalawa na adadin shekarun da ya karɓa. A Kalifoniya wa'adin Cal Grant, tallafin jihar, 2 ga Maris ne. Wasu jihohin kuwa wanda ya riga shi ke samu har kuɗin ya ƙare. Kada ranar 30 ga Yuni da ke shafin tarayya ta ruɗe ku, wa'adin jiha da na makaranta su ne masu cizo.

Makarantu masu zaman kansu da yawa, da ƙalilan na gwamnati, suna neman fom na biyu, CSS Profile na College Board. Dala 25 ne makarantar farko, 16 kowace ƙari, amma kyauta ne ga iyalin da ke samun har dala 100,000. Ya fi FAFSA bincike: yana tambayar darajar gidan da kuke zaune, kuma makarantu da yawa suna son bayanan ɗaya mahaifin ko da aure ya mutu. Amfaninsa shi ne akwai wurin da za ku yi bayani da bakinku. FAFSA ba ta da gurbin kuɗin da kuke aika wa tsofaffi a gida duk wata. A nan za ku iya rubuta shi da adadinsa, ku ajiye rasit ɗin aikawa. Ba kowace makaranta ke la'akari da shi ba, amma wadda ba a faɗa mata ba ba za ta sani ba.

Kalma ɗaya a kan Early Decision, wato neman gurbi da wuri a makaranta ɗaya, wadda wa'adinta kan faɗo 1 ko 15 ga Nuwamba. Alkawari ne: in an ɗauki yaro, can zai je, ya janye sauran. Ana iya warware shi idan tallafin bai isa ba, amma kun rasa damar kwatanta tayi da tayi. Ga gidan da kowace dala ke da muhimmanci, ni na fi son Early Action, wadda ba ta ɗaure kowa, ko nema na gama-gari da ake rufewa a farkon Janairu.

Mataki na shida: karanta wasiƙar tayi

Tsakanin Disamba da Afrilu wasiƙu za su fara zuwa. Babu tsari ɗaya da doka ta tilasta, kowace makaranta da salonta, kuma wasu suna cakuɗa kyauta da bashi a jeri ɗaya har ƙasan takarda ya nuna sifili. Na taɓa ganin wata uwa tana rabon alewa saboda an ce 'yarta ta samu komai kyauta, ashe fiye da rabin abin bashi ne.

Ku ɗauki takarda da biro. A sama ku rubuta jimillar kuɗin shekara: karatu, caji, kwana, abinci, littattafai, sufuri. Ku cire abin da aka rubuta masa Grant ko Scholarship kawai, domin su ne kyauta. Abin da ya rage shi ne farashinku. Duk layin da ke da Loan ko PLUS bashi ne. Work-Study kuma aiki ne yaro zai nema a makaranta a biya shi gwargwadon awannin da ya yi, ba a cire shi daga lissafin farkon zango.

A ƙaddara makaranta ta farko jimillarta dala 62,000, kyautarta 51,000. Saura 11,000. Ta biyu jimillarta 29,000, kyautarta 12,000, sai ta ƙara bashin yaro 5,500 da bashin iyaye 11,500 ta rubuta sifili a ƙasa. Farashin ta biyu 17,000 ne, ta fi ta farko tsada da 6,000 duk shekara.

Ku kira ofishin ku tambaya: kyautar nan ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko? Wane maki yaro zai riƙe don kada a janye? Idan ya samu tallafi daga wata ƙungiya ta waje, bashin za ku rage ko kyautarku? Ku kuma duba cajin inshorar lafiya, wanda kan kai dubbai. Idan yaro yana da inshorar da makarantar ta amince da ita, ana iya cire shi, amma sai an cike fom kafin wa'adi.

Bashi da kuɗin ruwa

Wannan ne ke hana da yawanmu barci, saboda aljihu da kuma saboda addini. Hukuncin ku kai wa malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da zan iya yi shi ne in bayyana yadda kowane bashi ke aiki don ku kai masa tambaya cikakkiya.

Yaro yana iya karɓar dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku. A cikin na shekarar farko, har 3,500 na iya zama nau'in Subsidized, wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin yaro yana karatu aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan ya gama. Wanda ya biya uwar kuɗin kafin lokacin ya cika bai biya ruwa ba, sai cajin kusan kashi 1 da ake cirewa tun farko, kuma babu tara a kan biya da wuri. Nau'in Unsubsidized kuwa ruwa yana fara hawa daga ranar da aka saki kuɗin. A 2025–26 ruwan kashi 6.39 ne.

Parent PLUS, bashin da gwamnati ke ba iyaye, shi nake so ku yi wa dogon tunani. Da sunanku yake, gwamnati ba ta mayar da shi kan yaro. Ruwansa a 2025–26 kashi 8.94 ne, cajinsa ya haura kashi 4. Wanda ya karɓi dala 20,000, za a cire kusan 850 kafin kuɗin ya isa makaranta, ruwan shekara ɗaya kuma ya kusa 1,800. Daga 1 ga Yuli 2026 an sa masa iyaka ga sababbin masu karɓa, dala 20,000 a shekara da 65,000 gaba ɗaya a kan kowane yaro. Mai 'ya'ya huɗu a jere ya lissafa da kansa.

Ba dole ne a karɓi bashin da aka sa a wasiƙa ba. Za ku iya ɗaukar kyautar ku ƙi bashin, ko ku rage shi. Yawancin makarantu suna da tsarin biya wata-wata babu ruwa, sai ɗan kuɗin rajista. Yaro ya zauna a gida ya riƙa zuwa makaranta yana rage dubbai. Shekara biyu a kwalejin al'umma sannan a wuce ta shekara huɗu hanya ce mai mutunci, kuma takardar digirin sunan makarantar da ya kammala take ɗauka.

Mataki na bakwai: ku nemi a sake dubawa

Tun da harajin shekara biyu baya aka duba, mai yiwuwa bai nuna halin da kuke ciki yau ba. An rasa aiki, an yi rashin lafiya mai cin kuɗi, an yi rasuwa, aure ya mutu. Doka ta ba jami'in tallafi na makaranta ikon gyara alƙaluma idan ya ga hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in bai faɗa ba. Ku rubuta wasiƙa gajera: abin da ya canza, ranar da ya canza, adadin kuɗin, da abin da za ku iya biya. Ku haɗa takardar sallama daga aiki ko rasit ɗin asibiti. Idan kuna da yara biyu a jami'a lokaci ɗaya ku faɗa, domin tun 2024–25 lissafin tarayya ya daina la'akari da hakan, amma makaranta tana iya yi. Idan wata makaranta mai kama da ita ta ba da tayi mafi kyau, ku haɗa kwafinsa cikin ladabi. Neman a sake dubawa ba ya sa a janye gurbin da aka ba yaro.

Wasu za a zaɓe su don tantancewa, a nemi ƙarin takardu. Ba tuhuma ba ce. Saƙon yana zuwa ne ta imel ɗin yaro ko shafinsa na makarantar, ba ta wurinku ba, don haka ku sa rana ɗaya a mako, ko bayan sallar Juma'a ne, ku ce ya buɗe ku duba tare.

Yawancin makarantu 1 ga Mayu suke son amsa da kuɗin kama gurbi. In kuɗin ya yi nauyi, ku tambaya ko za a yafe ko a jinkirta. Bayan nan yaro ya shiga shafinsa ya karɓi kowane tallafi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi wanda ba ku so. Tallafin na shekara ɗaya ne: kowace Oktoba za ku sake cike FAFSA da harajin shekarar da ta biyo, kuma yaro sai ya riƙe matsakaicin maki, galibi 2.0, ya kuma ci kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ya yi wa rajista. Idan ya ce zai ajiye wani darasi a tsakiyar zango, ya fara zuwa ofishin tallafi ya tambayi abin da hakan zai jawo kafin ya sa hannu.